Kogi Biyu a Maƙogwaro Ɗaya

Ɗan yayata ne ya ja ni wannan tafiya, da wata magana da na ɗauka zuƙi-ta-malle ce. Yana karatun kimiyyar teku a Santambul, kuma wata rana muna waya ya ce mini, "Kawu, ruwan da ya raba garin nan biyu yana gudu kudu, yana kuma gudu arewa, duk a lokaci guda." Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa, kuma abin da na sani shi ne ruwa gangare yake bi. Na ce masa ko dai karatun ne ya fara yi masa yawa. Ya yi dariya ya ce in zo da kaina. A ƙarshen watan Satumba sai ga ni a jirgin dare zuwa Turkiyya.

Mun sauka da asuba. Layin duba fasfo dogo ne amma yana tafiya, jami'in ya dube ni, ya dubi hoton, ya tambayi inda zan sauka, ya buga hatimi. Wautata ta farko a nan na yi ta: na canza dala zuwa lira a cikin filin jirgi, daga baya na ga a cikin gari da na sami fiye da haka nesa ba kusa ba. Yaron ya tarbe ni da katin Istanbulkart a hannu, wanda da shi ake shiga bas, da jirgin ƙasa, da jirgin ruwa. Ya ja kunnena cewa duk farashin da ya taɓa gaya mini in manta da shi, domin lira ba ta zama wuri ɗaya. Haka kuwa na tarar. Ɗakin da ya kama mini a Uskudar, ɓangaren Asiya, ƙarami ne har akwatina ta rasa wurin zama, amma idan na tura wuya ta taga ina hango ruwan. Barci na yi har la'asar.

Turkawa suna kiran mashigin Bosforus da suna Bo'az, wato maƙogwaro, kuma sunan ya dace. Tsawonsa wajen kilomita 30 ne, ya haɗa Bahar Aswad, wato Baƙin Teku, da ke arewa da ƙaramin tekun Marmara da ke kudu, daga can kuma ruwa ya bi mashigin Dardanel ya shiga Bahar Rum. Washegari muka hau jirgin fito zuwa Eminonu, ɓangaren Turai, na sayi simit, burodin nan mai zobe da riɗi, rabinsa tsuntsayen teku suka ƙwace daga hannun yaran da ke jefa musu. Ni dai idona yana kan ruwa. Gudunsa ba ya ɓuya ko kaɗan: duk wani tarkace da ke yawo a kai kudu ya nufa, jirginmu ma sai da ya karkata hanci arewa kafin ya iya tsallakawa daidai. Na ce wa yaron, "To ga shi, kudu yake yi. Ina na arewan?" Ya ce, "Yana ƙarƙashinmu, Kawu." Ban ce komai ba. Ya ƙara da cewa fuskar Bahar Aswad ta ɗara ta Marmara tudu da wajen santimita 30 zuwa 40, saboda manyan koguna irin su Danub da Dinifa da Dinista suna ta juye mata ruwa. Wannan kam na yarda da shi nan take, don ya yi daidai da abin da na koyar.

Rana ta uku ce ta karya mini gardama. Yaron ya san wani tsoho masunci, mai ƙaramin jirgin katako da inji, ya roƙe shi ya fita da mu da sassafe, mu biya kuɗin man dizal. Tsohon gajere ne, hannayensa kamar busasshen fata, kowa a bakin ruwan "Re'is" yake ce masa, haka ake kiran mai jirgi a can. Ni kuma da ya ji malami ne sai ya laƙaba mini "Hojam", wato malamina. Sanyin safiyar ya shige ni har ƙashi, ya miƙo mini shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai ƙugu. Kafin mu yi nisa wani jirgin masu tsaron gaɓa ya matso, suka gaisa da shi, suka dubi rigunan ceto da ke jikinmu, suka wuce. Ba a wasa da tsakiyar mashigin, domin manyan jiragen dakon mai da na kaya suna bi ta nan dare da rana, kuma tun yarjejeniyar Montro ta 1936 jiragen kasuwanci suna da 'yancin wucewa. Idan ɗaya ya gifta kusa da kai sai ka ga kamar unguwa ce guda take tafiya.

Re'is ya kashe inji, ruwa ya fara janmu kudu. Ya jawo wani tsohon kwando da ya cika da duwatsu, ya ɗaura masa igiya, ya ce in riƙe in riƙa saki a hankali. Na ce wa yaron ya fassara masa cewa mu a wajenmu cewa ake ruwa ba sa'an kwando ba ne. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce in dai saki. Da farko babu abin da na ji sai nauyin duwatsu, igiyar tsaye, tun da mu da kwandon ruwa ɗaya ke ɗauke da mu. Na saki gaba goma, na ƙara biyar. Can sai na ji kamar wani ya kama igiyar daga ƙasa ya fizga. Ta miƙe, ta karkace, ta nufi arewa, inda muka fito. Na ɗauka kifi ne ko wani ƙarfe ya riƙe ta, amma ba maƙalewa ta yi ba, ja ne mai ɗorewa wanda ba ya sassautawa. Jirgin ya juya hanci, gudunmu ya ragu, tarkacen da muke tafiya tare da su suka wuce suka bar mu. Ba zan yi ƙarya in ce mun koma baya ba, kwando ɗaya bai isa ba a ranar. Amma tafin hannuna ya shaida, har igiyar ta saɓule mini fata. Re'is ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, "Dip akintisi, Hojam." Gudun ruwan ƙasa ke nan. Ya ce tun yana yaro idan suka saki koma da zurfi sukan ga samanta ya yi gefe, ƙasanta ya yi wani gefen, kuma mahaifinsa bai taɓa ɗaukar abin a bakin mamaki ba.

Da muka fito na zauna a bakin ruwa ina cin burodi da gasasshen kifi, hannu na raɗaɗi, kunya kuma ta ɗan kama ni. Yaron bai yi mini dariya ba, sai ya ba ni labarin wani saurayi ɗan Italiya, Luigi Marsili, wanda ya zo garin a 1679 tare da tawagar jakadan Benis. Shi ma daga bakin masunta ya ji zancen. Abin da ya yi da ya bambanta shi da sauran matafiya shi ne ya ɗebi ruwan sama da na ƙasa ya auna nauyinsu, ya tarar na ƙasa ya fi nauyi. Sannan ya ƙera akwati, ya raba shi biyu da katako mai ƙofa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, ya zuba ruwa mai gishiri da yawa a gefe guda, mai ƙarancin gishiri a ɗaya gefen. Mai nauyin ya bi ta ƙofar ƙasa, maras nauyin ya bi ta sama, kowa ya nufi gidan ɗan'uwansa. Ya wallafa bayanin a 1681. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masuntan sun riga shi sani da ɗaruruwan shekaru, shi dalilin kawai ya gano, amma sunansa ne ya shiga littafi.

Malamar yaron ce ta yi mana alfarma rana ta huɗu, ta bari in bi su a ƙaramin jirgin binciken da suke fita da shi Marmara. Mace ce mai saurin magana, ɗalibanta duk "Hojam" suke ce mata, ni ma na bi sahu. Tafiyar awa biyu zuwa wurin awon ba abin da zan faɗa a kanta sai tashin zuciya. Na rungumi bokiti, wani ɗalibi ya ba ni busasshen burodi ya ce in kafa ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa.

Kayan aikinsu wani ƙarfe ne mai zagaye da kwalabe, a tsakiyarsa na'urar da suke kira CTD. Tana auna zafi, da zurfi, da kuma yadda ruwa ke barin lantarki ya ratsa shi, don gwargwadon gishirin ruwa gwargwadon yadda yake wuce da lantarki. Aka sauke ta da waya, muka taru gaban kwamfuta, layi biyu suka fara zana kansu. A mitocin farko babu abin da ya motsa: zafi digiri 20 da 'yan kai, gishiri wajen giram 22 a kowane kilo na ruwa, layukan tsaye kamar an ja su da rula. Malamar ta ce wannan shi ne rufin da iska ke damawa kullum, shi ya sa ya zama bai ɗaya. Da aka kusa mita 20 sai layin zafi ya faɗi, layin gishiri kuma ya yi tsalle gefe kamar an tsikare shi. Cikin 'yan mitoci ya bar 22 ya kai 38, ya tsaya a nan cak. Ruwan Bahar Rum ke nan, kwance a ƙarƙashin na Bahar Aswad, a teku guda, tsakaninsu bai fi tsayin bene mai hawa uku ko huɗu ba.

Sai kuma abin da ya sa na manta da cikina. Layin zafin, bayan ya faɗi, ya sake ɗagawa kaɗan, ya zauna kusa da digiri 15. Na ce, "Hojam, a nan kam na kama ku. Ruwa mai ɗumi ai shi ne maras nauyi. Ya aka yi yana ƙarƙashin mai sanyi bai taso ba?" Ta ji daɗin tambayar. Ta ce abu biyu ne ke ba ruwan teku nauyi, sanyi da gishiri, kuma kullum cikin ja-in-ja suke. A yawancin tekunan duniya zafi ne ke da iko: gishirin bai cika nisa da giram 35 ba, rana ta ɗumama sama, ƙasa da nan zafin ya yi ta raguwa da sauri, can ƙasa kuma ruwan digiri 2 zuwa 4 ne ko da a ƙarƙashin ƙasashe masu zafi. Amma a nan bambancin gishirin ya yi yawa har 'yan digirorin zafi ba su da ta cewa. Shi kuma sanyin da ke tsakiya ragowar hunturun bara ne, ruwan da ya yi sanyi ya nutse, ya je ya tarar da mai gishiri ya kasa wuce shi, rani ya zo ya ɗumama abin da ke samansa, shi ya maƙale a tsaka. Aka rufe kwalba ɗaya a mita 40, ɗaya a sama. Ta ce in taɓa da harshe kawai, kada in haɗiye. Na saman gishiri-gishiri ne, na ƙasan kuwa har ɗaci. Na roƙa aka cika mini 'yan kwalabe biyu, na rubuta musu "sama" da "ƙasa".

A hanyar dawowa ta ɗauki kofin shayinta, ta jefa sukari, ta ƙi juyawa. Ta nuna mini yadda zaƙin ya kwanta a ƙasa, ta ce haka zai zauna har shayin ya huce idan babu cokali. Teku kuwa cokulansa kaɗan ne. Akwai iska, amma hannunta ba ya kaiwa nesa. Akwai hunturu, wanda ke sanyaya sama har ya yi nauyi ya nutse, kuma a kusa da Girinlan da Antatika yana nutsewa har ƙasan teku, ya tafi da iskar shaƙa ga duk abin da ke rayuwa a can. Sai kuma gogayya a wurare masu ƙunci irin mashigin, inda ruwa biyu ke gudu gaba da gaba, kowanne yana yagar ɗan'uwansa yana tafiya da shi. Ta kuma ba ni wani lissafi da na so a ce na san shi ina aji. Ruwan da ke fita daga Bahar Aswad gishirinsa wajen giram 18 ne, wanda ke shiga ta ƙasa kuma ya kusa ninka haka. Tun da gishirin tekun ba ƙaruwa yake ko raguwa ba a zo a gani, dole mai fita ya kusa ninka mai shiga yawa. Kuma haka awo ya nuna. A mashigin Jibralta ma, in ji ta, hawa biyun ne: Bahar Rum rana tana ƙafar da ruwansa fiye da abin da koguna ke kawo masa, sai ya yi gishiri ya fice ta ƙasa, na Atilantika ya shigo ta sama.

Fara'arta ta ragu da muka hango gari. Ta ce wannan shimfiɗar da nake ta sha'awa ita ce kuma ciwon Marmara. Ruwan ƙasa ba ya ganin sama, iskar shaƙarsa kaɗan ce, ga mutum sama da miliyan 15 a bakinsa. An daɗe ana tura ruwan ƙazantar gari zuwa cikin gudun ƙasa da nufin ya tafi da shi Bahar Aswad, alhali wani kaso yana cakuɗuwa ya hau sama ya dawo. A 2021 wata yauƙi mai kama da majina ta rufe fuskar tekun, ta toshe komar masunta, ta shaƙe halittun ƙasa. Ɗaliban duk sun gani da idonsu, kuma babu wanda ya yi dariya da aka ambace ta.

Na ce ba zan koma ba sai na ga Bahar Aswad ɗin. Akwai jirgin da ke tashi daga Eminonu ya bi mashigin har kusan ƙarshensa. Muka wuce tsakanin ganuwar Rumeli Hisari, wadda Sultan Muhammad na Biyu ya gina a 1452, shekara guda kafin ya ci garin, da takwararta ta ɓangaren Asiya, wurin da faɗin ruwan bai fi mita 700 ba. A nan ruwan tafasa yake, yana juyi yana murɗewa, ba mamaki da suka laƙaba wa wani gudun mashigin sunan gudun Shaiɗan. A Kanlija aka shigo da kindirmon garin da garin sukari a kai, na sha. Muka sauka a Anadolu Kabagi, muka hau tudu zuwa kangon ganuwar Yoros, hawan da ya tuna mini shekaruna. Daga can ana hango gada ta uku da aka gina a kan mashigin, wadda aka buɗe a 2016, bayanta kuma ruwa ne har iyakar gani, jirage birjik suna jiran layi.

Ba baƙi ba ne, shuɗi ne kamar kowane teku, na ɗan ji an cuce ni. Yaron ya ce baƙin yana ciki. Zurfinsa ya haura mita 2,200, amma kifi da duk mai buƙatar iskar shaƙa suna rayuwa ne a mita 150 zuwa 200 na sama kawai. Rufin ruwan koguna ya yi masa murfi, hunturu ba ya iya huda shi, iskar ƙasa ta ƙare tun dubban shekaru. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan babu iskar shaƙa, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce idan aka buɗe kwalbar da ta fito daga can kowa a jirgi sai ya toshe hanci. To amma inda babu iska babu tsutsar da ke cin katako. A 2018 masu bincike suka sanar da gano wani jirgin Girkawa mai shekara wajen 2,400 a zurfin fiye da kilomita 2, daura da gaɓar Bulgeriya, kwance a gefensa, da sandar filafilansa da kujerun matuƙa duk suna nan. Na daɗe tsaye ina kallon ruwan. Ni da na girma ina ɗaukar ruwa abu ɗaya ne daga baki har gindi, kamar na rijiya, sai ga wanda samansa ke cike da kifi, ƙasansa kuma ko ruɓewa ba a yi da sauri.

Ranar da zan tafi iska ta juya. Lodos suke kiranta, daga kudu maso yamma take busowa, da ɗumi da ciwon kai. Aka soke jiragen fito da yawa. Na leƙa ta taga na ga taguwar ruwa tana dukan gaɓa, tarkacen bakin ruwa kuma arewa suke yi. Yaron ya ce idan ta yi ƙarfi takan tara ruwa a bakin mashigin ta kudu har gudun sama ya tsaya ko ya juya, suna ce masa orkoz, kuma masu tuƙa manyan jirage ba sa ƙaunarsa. Na so in je in yi wa Re'is sallama, muka tarar ya ɗaure jirginsa da igiya biyu ya tafi gida. Dole muka bi Marmaray, jirgin ƙasan da aka buɗe a 2013, wanda ke ratsa ƙarƙashin mashigin a zurfin wajen mita 60. Aka saka jakata a na'urar bincike a bakin tasha, muka sauka matakala bayan matakala. Tsallakawar 'yan mintoci ce, babu abin gani sai bango. Mutane suna ta latsa waya, ni kaɗai nake ɗaga kai ina kallon rufi.

A filin jirgi na yi wautata ta biyu. Kwalaben nan na manta da su a jakar hannu, kuma kowace ta wuce mililita 100. Jami'ar ta ɗaga su tana karanta rubutuna, ta tambaya mene ne. Na yi ta bayani da hannu, wannan sama, wannan ƙasa, ta saurara da haƙuri, ta ce ko in sha ko in zubar. Na san ɗanɗanonsu, don haka na bi ta zuwa wani bokiti da ke gefe, na juye ta farko, na juye ta biyu a kai. Ta miƙo mini kwalaben babu komai a ciki, na mayar da su jaka, na tafi neman ƙofar jirgina.